Kaset Na Tara

Litinin, 10 ga wata, bayan La'asar

Na cire kaset na tara, na sa na goma, na rubuta a littafin kaset, na sa hannu. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki duk Litinin a asibitin nan, yau ne kaɗai na ga sa hannuna ya karkace.

An dakatar da Sista Kadzo. Takardar tana allon sanarwa, an maƙala ta a karkace kusa da jerin masu tafiya hutu. Wai kwamfuta ta nuna awon maganin da Likita ya rubuta biyar ne, ita kuma ta ba matar ɗaki na huɗu hamsin. Kwamitin bincike zai zo ranar uku ga watan gobe. In sun tabbatar, za a karɓe mata takardar aikin jinya, ba a nan kaɗai ba, ko'ina.

Ba zan rubuta komai a kan matar ɗaki na huɗu ba. Allah ya jiƙanta.

Talata, 11 ga wata, goma na safe

Kowace yamma manhajar ajiya tana kwafe duk abin da ke cikin kwamfutocin asibiti ta zuba a kaset ɗin makon. Na tara yana ɗauke da yammacin Talatar da ta wuce, ranar da abin ya faru. Gwada kaset aikina ne, ba mai cewa na yi shisshigi. Na rubuta a littafi cewa na gwada shi yau.

Yana aiki lafiya lau. Da ma bai yi ba.

Talata, bayan Magariba

Ban iya cin abinci ba.

Alhamis, 13 ga wata, sha biyu na rana

Suheil ya shigo ɗakina. Surukin Likita ne, an ba shi kujerar manaja wata shida bayan ɗaurin aure, kuma har yau bai san ta inda ake kunna fitilar ɗakin nan ba. Ya tsaya yana hura hanci saboda sanyin na'urori, turarensa ya cika wurin kamar an fasa kwalba. In yana son abu sai ya ce mini Shangazi, wato Gwaggo, in ba ya so Bi Zuwena ce, wato Malama Zuwena. Yau Shangazi ce tun daga bakin ƙofa.

Ya tambaye ni kwana nawa muke riƙe abin da ke kan kaset kafin a rubuta sabo a kai. Na ce casa'in: kaset goma sha huɗu ne, kowanne mako guda, suna zagayawa, kuma manhaja ba ta taɓa kaset sai wa'adinsa ya cika. Ya yi dariya, wai wannan tsarin zamanin jirgin ruwa mai filafilai ne, a Dubai kwana goma sha huɗu ake yi. Sati biyu ya yi a Dubai, na san ranar da ya tafi da ranar da ya dawo, ni na buga masa takardar hutu.

Na ce to, ya rubuta mini umarni a takarda ya sa hannu, in manna a littafi.

"Haba Shangazi, tsakanina da ke sai da takarda?"

Na ce ba tsakanina da shi ba ne, tsakanina da littafi ne. Ya ce in matsa, zai yi da kansa. Na matsa. Ya zauna a kujerata, ya buɗe fayil ɗin ƙa'idoji da yatsa biyu, ya nemo casa'in ya goge, ya rubuta goma sha huɗu, ya miƙe yana gyara agogo kamar wanda ya yi wa mutum tiyata.

Na sani tun yana zaune cewa bai yi komai ba. Ƙa'idar da ya canza ta sababbin kaset ce. Kowane tsohon kaset yana ɗauke da wa'adin da aka yanka masa ran da aka raɗa masa suna, ba ya canzawa sai an bi shi an canza. Bai tambaye ni ba. Ban yi ƙarya ba.

Astagfirullah, raini ba kyau.

Asabar, 15 ga wata, hantsi

Kadzo ta zo kwashe kayanta. Ta ƙetaro daga Likoni a feri, jirgin fito, cikin ruwan sama, ta shigo wurina jiƙe da jakar leda, ta zauna a kan kwalin takardu kamar yadda ta saba in ta gudo shan shayi. Ta kawo mahamri huɗu, soyayyen burodin nan mai kama da fanke. Ta ce wai in ci in yi ƙiba, kada a ce ita ma ta rage mini awo. Ta yi dariya ita kaɗai.

Ta ba ni labarin yadda Matron ta kasa kallon idonta, da yadda mai gadi ya nemi duba jakarta, shi da ta yi wa matarsa unguwarzoma sau biyu. Ta ce mijinta ya ce ta koma ƙauye ta yi noman rogo, ta ce masa rogo ma sai an auna taki, wa zai yarda da awonta yanzu.

Sai ta ce, "Dada, 'yar'uwata, hamsin na gani. Har na koma na tambayi Likita, ya ce in daina koya masa aiki. Amma kwamfuta ta ce biyar. Wa zai bar kwamfuta ya yarda da 'yar ƙauye daga Kaloleni?"

Na ce Allah yana gani. Ta ce ta sani, amma ba ya cikin kwamiti.

Kaset na tara yana cikin akwatin ƙarfe, taku uku daga inda take zaune. Na raka ta har bakin titi, na tare mata tuktuk, keke mai ƙafa uku.

Litinin, 17 ga wata, bayan La'asar

Na cire na goma, na sa na sha ɗaya, na rubuta, na sa hannu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu

Suheil yana wucewa ta ƙofata sau uku a rana yanzu. Yana ƙirga kwanaki, ina ganin leɓensa yana motsi. A lissafinsa ran Lahadi wa'adin na tara zai cika, manhaja ta share shi ita da kanta.

Abin da ke ba ni mamaki da mazajen nan shi ne tsabtarsu. Makulli na biyu na akwatin ƙarfe yana ofishinsa. Da ya so da ya ɗauki kaset ɗin ya jefa a teku ta bayan tsohuwar tashar jirage, ba mai gani. Amma kaset yana da lamba, littafi yana da shafi, in ya ɓace sai an tambayi wanda ya ɓatar. Su so suke na'ura ta ɗaukar musu zunubin, ran da aka tambaya su buɗe hannu su ce tsari ne, wa'adi ne ya cika. Ko ɓarawon kaji ya fi su, shi da hannunsa yake kamawa.

Likita ya wuce ni a bene yau. Ya ce sannu, na ce sannu.

Juma'a, 21 ga wata, bayan sallah

A makarantar allo ta Bi Time, a unguwar Kibokoni, ba ka wanke allonka sai ta saurari haddarka. Ko tawada ta ƙare, ko kana kuka, ko 'yan ajinku sun wuce ka da shafi uku, rubutun jiya yana nan sai ta ce wanke. Akwai wata yarinya da takan faki ido ta wanke nata a rijiya ta ce ruwan sama ne ya zuba. Bi Time ba ta dukanta. Takan dube ta ne kawai ta ce, ruwan saman nan ya san allonki da kyau.

Wanda yake riƙe hannuna ya kai ni makarantar nan kullum, yana ɗauke mini allo in na gaji, yayana ke nan, shi ne ya koya mini yadda ake riƙe alƙalami. Ban san me ya sa na tuna wannan ba.

Litinin, 24 ga wata, tara na safe

Tun kafin in ajiye jaka Suheil ya iso. Ya ce in buɗe masa jerin kaset. Na buɗe. Na tara yana nan daram, wa'adin kwana casa'in a rubuce a gabansa, kamar ba a taɓa haihuwar wani Suheil ba.

Fuskarsa ta yi kamar an matsa lemun tsami a madara. Ya ce manhajar ta lalace. Na ce ba ta lalace ba, abin da aka ce mata shi ta yi. Ya ce me ya sa ban gaya masa ba. Na ce bai tambaya ba, kuma na ɗauka a Dubai an koya musu.

Wannan ta ƙarshen bai kamata in faɗa ba. Astagfirullah.

Yau Bi Zuwena ce.

Da la'asar na cire na sha ɗaya, na sa na sha biyu, na rubuta, na sa hannu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe huɗu

Kwana biyu ya yi yana tambayar wayarsa, yau ya samo. Ya zo da umarnin da ake buga wa kwamfuta a rubuce a bayan katin gayyatar biki, ya kwafa harafi harafi, ya yi kuskure sau huɗu, a na biyar ya shiga. Duk tsofaffin kaset suka karɓi sabon wa'adi. Nan take manhaja ta share sunayen abin da ke cikinsu daga rajistarta, aikin wata uku, ina kallo.

Ya ce, shi ke nan ko? Na ce rajista ta manta da su.

Wannan gaskiya ne. Abin da ban ƙara ba shi ne, mantuwar rajista ba ta taɓa kaset. Rubutun yana nan a kan zaren har sai an sa kaset ɗin a na'ura an rubuta sabo a kansa. Allon ne aka ce a wanke, ba a kai shi rijiya ba tukuna.

Alhamis, 27 ga wata, sha ɗaya na safe

Wani ya ƙara masa karatu, don shi kaɗai ba zai gano ba. Ya zo da kwali ya ce tunda wa'adi ya ragu, kaset huɗu sun ishe mu. Ya kwashe goma, ya cire su daga rukunin, ya bar na tara, na goma, na sha ɗaya da na sha biyu. Manhaja in za ta sake amfani da kaset, mafi tsufa take nema. Ko ɗan aji ɗaya ya san wanne ne mafi tsufa a cikin huɗun nan.

Ran Litinin da la'asar na'ura za ta nemi na tara. Kwamiti ran Laraba.

Sai dai na'ura ba ta da hannu. Wannan ne kaɗai abin da Dubai ba ta gyara ba.

Juma'a, 28 ga wata, bayan La'asar

Likita ya zo gida. Rabonsa da gidan nan tun arba'in ɗin Mama. Ya cire takalmi a inda ya saba cirewa, ya zauna a tabarmar da ya saba zama, ya ajiye alewar halwa a cikin kwandon kaba, irin mai gyaɗa da nake so tun ina yarinya. Na dafa gahawa. Na zuba masa a ƙaramin kofin Baba, don shi ne babba.

Ya yi maganar rufin ɗakin baya da ke yoyo. Ya yi maganar jikarsa da ta fara haƙori. Ya tuna ranar da ya kai ni makarantar koyon kwamfuta a Mwembe Tayari, dangi suna cewa me bazawara mai karatun allo za ta yi da na'urar Turawa, shi ya tsaya mini. Duk gaskiya ne. Ya tsufa. Na lura yana kai abu kusa da ido kafin ya gane shi. Tun yaushe? Wa ya sani ban da shi?

Bai ambaci ɗaki na huɗu ba. Bai ambaci Kadzo ba, ban tabbata ma ya san sunanta na biyu ba. Sai da ya sa takalmi ɗaya ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Zuu, ba wanda ya ce ki yi wani abu. In na'ura ta nemi kaset ki ba ta, shi ke nan. Aikinki ne shekara goma sha ɗaya."

Na kira shi Kaka, wato Yaya, na ce a gaida gida.

Shekara talatin yana duba marasa lafiya, mutane suna miƙewa in ya shigo masallaci, amma ya zo da halwa yana roƙon ƙanwarsa ta zama hannun da ba nasa ba. Na so in raina shi kamar yadda nake raina surukinsa. Ya ƙi zama daidai.

Asabar, 29 ga wata, da safe

Halwa tana nan yadda ya ajiye ta.

Lahadi, 30 ga wata, bayan Azahar

Na ɗauki karatun Alƙur'ani daga inda na tsaya, sai na iso wurin da ake maganar shaida. Na rufe, na je na wanke kayan da na riga na wanke jiya.

Ba ƙarya zan yi ba in na sa kaset na tara. Na'ura ce za ta nema. Tsari ne. Na iya faɗin wannan da kyau, har da irin muryarsu.

Litinin, 1 ga wata, bayan La'asar

Ƙarfe huɗu da kwata rubutu ya fito: a sa kaset na tara.

Na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko shi. Ba shi da nauyi, ko rabin kofin shinkafa bai kai ba. A gefensa akwai ɗan jan maɓalli da ake turawa da farce, in an tura na'ura ba ta iya rubutu a kai. Na daɗe a tsaye har sanyin ɗakin ya shiga yatsuna.

Na tura.

Ba zan bar asibiti ya kwana ba ajiya ba, marasa lafiyar yau ba su yi wa kowa laifi ba. Akwai sabon kaset guda a aljihun tebur da nake ɓoyo saboda rana irin ta lalacewa. Na ɓare shi, na raɗa masa suna na sha biyar, na sa, na'ura ta karɓa ba musu. Ita ba ruwanta.

A littafi na rubuta: kaset na tara, an kulle, yana ɗauke da yammacin huɗu ga watan jiya, akwai bincike a kansa. Na sa hannu. Na kwafi shafin na kai wa Matron ta haɗa da takardun kwamiti. Ta karanta sau biyu, ta dube ni, ta ce in zauna in sha ruwa. Na ce ina da alwala, zan tafi.

Talata, 2 ga wata, takwas da rabi na safe

Ya shigo ba sallama, ba Shangazi ba Bi Zuwena. Ya ce wa ya ba ni izini, ya ce na karya tsarin asibiti, ya ce na san gidan wa nake rusawa, ya ce matarsa tun jiya take kuka, ita da na goya. Na bar shi ya gama.

Na ɗauko kaset ɗin na ajiye a tebur a gabansa, na buɗe littafi, na ɗora biro a kai.

"Ga shi, Bwana Manaja. Da farce ake mayar da jan nan, ba wuya. Ga bakin na'ura can. In ka gama sai ka rubuta sunanka a layin da ke ƙasa da nawa."

Ya dubi kaset, ya dubi biro. Hannuwansa biyu suna cikin aljihu, kuma a can suka zauna. Ya ce zan gani. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe, sanyi yana tsiyayewa.

Ban yi istigfari a kan wannan ba. Na duba zuciyata, ban ga dalili ba.

Laraba, 3 ga wata, bayan Magariba

Su uku ne, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau a wuya. Tunda rajista ta manta da kaset ɗin, sai da na sa na'ura ta karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, awa huɗu. Suka zauna a ɗakina cikin sanyi, aka kawo musu shayi, Kadzo a kan kwalinta da rigar coci. Suheil ya yi ta bayanin tsarin zamani har dattijuwar ta tambaye shi me ya sa aka rage wa'adi kwana tara bayan rasuwa. Ya ce shawarar masana ce. Ta ce su wa. Ya fita amsa waya, wayar da ba ta yi ƙara ba.

Ƙarfe biyu da minti goma shafin ya buɗe. Hamsin, da sunan wanda ya rubuta, da lokaci. Suka sa na buɗe na yammacin Alhamis ɗin makon. Biyar.

Likita bai sauko ba. An ce yana tiyata. Ba a yin tiyata ran Laraba.

Kadzo ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Dattijuwar ta karɓi littafina tana duba shafuka, tana karantawa a fili don mai rubutu ya ɗauka. Ta karanta layin ranar sha ɗaya: an gwada kaset na tara, yana aiki.

Da kowa ya fita Kadzo ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali.

"Dada, ran da na kawo miki mahamri, kin riga kin gani?"

Na ce eh.

Ta gyaɗa kai. Ta ce na gode, da irin muryar da ake yi wa mai ba da canji a feri. Na ce bari in tare mata tuktuk, ta ce ta san hanya.

Alhamis, 4 ga wata, hantsi

An cire takardar dakatarwa daga allon sanarwa. Tawa ta iso a ambulan, wai hutu har sai an neme ni. An karɓi makulli. Na nuna wa Matron yadda ake canza kaset, na rubuta mata a takarda, na mayar da wa'adi casa'in a ƙa'ida da kuma a kan kowane kaset ɗaya bayan ɗaya kafin in fita.

Juma'a, 5 ga wata, bayan La'asar

Likita bai zo ba. Matarsa ta aiko a karɓi kwandon halwa, wai nata ne na aure. Na juye halwar a faranti, na wanke kwandon, na ba da.

Tun jiya nake wani lissafi. Suheil ya yanka wa maganar nan kwana goma sha huɗu, na cika shafuka ina raina shi. Daga sha ɗaya ga watan jiya zuwa uku ga wannan kwana ashirin da biyu ne, tana cikin akwatina, makulli a jakata, Kadzo tana can Likoni ana nuna ta da baki a wurin ɗiban ruwa. Na sake karanta littafin nan daga farko. Kowa na samo masa suna a ciki, har ɓarawon kaji. Matar da ta ce Allah yana gani ta tare tuktuk ce kaɗai ban samo wa ba.

Litinin, 8 ga wata, huɗu da kwata

Na tashi tsaye ban sani ba, hannuna yana neman biro.